Kashi Nawa Ya Rage? Yadda BMS Ke Lissafin Cajin Batirin Litiyam, da Yadda Za Ka Daidaita Shi

Masu sola a gida da yawa sun san wannan takaicin. Allon batir na nuna kashi 35, an kunna fanka an kwanta, can tsakar dare sai ɗif, komai ya mutu. Gari na wayewa a kira wanda ya yi haɗin: "Injiniya, batirin nan da ka sa mini jabu ne." Shi kuma ya ce, "Haba Alhaji, sabo fil na ɗauko shi a kwali." Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau. Lambar da ke kan allon ce ta kauce, kuma ta ɗauki makonni tana kaucewa kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura.

Babu wata na'ura da ke leƙa cikin batir ta ga yawan cajin da ya rage. BMS, wato allon lantarkin da ke cikin akwatin batir yana gadinsa, abubuwa uku kaɗai yake iya aunawa kai tsaye: boltej na kowace ƙwaya (ƙananan batiran da aka jera a cikin akwatin), yawan wutar da ke shiga ko fita a ma'aunin amfiya, da kuma zafi. Kason da kake gani kirdado ne da ya haɗa daga waɗannan ukun. Idan ka gane yadda yake kirdadon, za ka san lokacin da za ka yarda da shi, kuma za ka iya mayar da shi kan hanya da hannunka. Zan fi mayar da hankali kan batirin litiyam nau'in LiFePO4, domin shi ne ya cika kasuwar sola yanzu.

Mataki na farko: san abin da ke cikin akwatinka

Duba takardar da ke manne a jikin batirin. Ƙwayar LiFePO4 ɗaya tana da bolt 3.2 a matsakaici, iyakar cikarta 3.65, iyakar ƙarewarta 2.5. Ƙwaya 4 a jere su ne batirin 12.8, ƙwaya 8 su ne 25.6, ƙwaya 16 kuma 51.2. Akwai batiran da aka rubuta musu bolt 48 cif, irin wasu na Pylontech, waɗanda ƙwaya 15 ne a ciki. Wannan bambanci na ƙwaya ɗaya yana canza duk saitin da za ka sa a inbata, don haka ka tabbatar kafin ka taɓa komai.

Sai lambar Ah. Batirin 100Ah yana iya ba da amfiya 10 na tsawon awa 10. In ka ninka 100 da 51.2 za ka samu wat-awa 5,120, wato yunit biyar da ɗan ɗoriya a lissafin mitar gida. Rubuta adadin ƙwayoyin da lambar Ah a takarda, za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: gane dalilin da ya sa boltej ke yaudara

Wanda ya saba da tsohon batirin ruwa ya saba dogaro da maltimita, kuma yana da hujja. Batirin ruwa na bolt 12 da ya huta yana nuna kusan 12.7 in ya cika, kusan 12.2 a rabi, in ya sauka ƙasa da 12 kuwa ya yi nisa. Boltej ɗinsa na sauka a hankali tare da cajin, ga kuma ma'aunin nauyin ruwan batir da ake zuƙo asid da shi a tabbatar.

LiFePO4 ba haka halinsa yake ba. Daga wajen kashi 20 har zuwa wajen kashi 90, ƙwayar da ta huta tana zaune ne tsakanin bolt 3.2 da ɗan abin da ya haura 3.3. Kusan kashi 70 na duk cajin yana matse cikin tazarar da ba ta fi ɗaya bisa goma na bolt da 'yan kai ba. A tsakiyar ma, tsakanin kashi 40 da 60, da ƙyar lambar ke motsi. Yanzu ka ɗauki maltimita mai kuskuren rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wadda ba a kiran ta mara kyau. A kan bolt 53 kuskurenta ya kai 0.26, in ka raba wa ƙwaya 16 kowace ta samu milibolt 16 (milibolt ɗaya bisa dubu ne na bolt). A wancan shimfiɗaɗɗen wuri, milibolt 16 na iya zama bambancin kashi 20 ko fiye.

Wannan ma idan batirin ya huta ke nan. Da zarar an ɗora masa kaya, boltej zai faɗi saboda turjiyar cikin ƙwayoyi da ta wayoyi da ta mahaɗai. A ce duk turjiyar ta kai miliom 20 (om shi ne ma'aunin turjiya, miliom ɗaya bisa dubunsa), famfon rijiyar burtsatse ya ja amfiya 50: nan take bolt ɗaya cur ya ɓace daga allo, alhali cajin bai ragu da komai ba. Ana kashe famfon ya dawo. Da rana kuma akasin haka ne, farantan sola na tura wuta, boltej ya hau sama ya nuna kamar an cika. Ko bayan hutu, ƙwayar da aka baro daga caji tana zama sama kaɗan fiye da wadda aka baro daga aiki, ko da cajinsu ɗaya ne.

Saboda haka duk inbatar da ke zana maka layuka huɗu na batir daga boltej kaɗai, ba tare da tana magana da BMS ba, kada ka gina lissafin darenka a kanta. Wuri biyu ne boltej ke faɗin gaskiya ƙarara a wannan batir: can sama, inda ƙwaya ke haura 3.4 ta miƙe da sauri, da can ƙasa, inda take gangarowa ƙasa da 3.1 ta zube da sauri. Riƙe wannan, domin duk gyaran da za mu yi a kansa ya dogara.

Mataki na uku: ƙidayar shiga da fita

Tunda boltej ba abin dogaro ba ne a tsakiya, BMS yana koma wa ƙidaya. Ka ɗauke shi kamar mai rumbun hatsin da aka liƙe, ba ya ganin ciki, sai dai littafi a hannunsa: mudu kaza ya shiga, mudu kaza ya fita. In ya san girman rumbun, ya san kuma ranar da ya cika maƙil, zai iya faɗa maka abin da ya rage. Amma in mudunsa ya ɗan gaza, ko ɓera na ja ta ƙasa ba a rubutawa, littafin zai riƙa nisa da gaskiya kullum, har sai ranar da rumbun ya sake cika ko ya ƙare ƙarƙaf.

Masana suna kiran wannan hanya ƙidayar kulom, da sunan masanin Faransa Charles-Augustin de Coulomb. Ah ɗaya daidai yake da kulom 3,600. Sau da yawa a cikin daƙiƙa guda BMS yana auna amfiyar da ke wucewa, ya ninka da lokaci, ya tara. Kayan gida na jan wat 500, wato kusan amfiya 10 a batirin 51.2 mai 100Ah, bayan awa biyar an ci 50Ah, sai allo ya sauko daga 100 zuwa 50.

Abin da yake aunawa da shi ana ce masa shant, wani guntun ƙarfe mai turjiya 'yar mitsitsiya da duk wutar ke bi ta cikinsa. Wasu batiran kuma suna amfani da zoben da ke jin maganaɗisun waya. Shant ɗin da aka fi gani a haɗin sola shi ne mai amfiya 500 da milibolt 50. Ma'ana, sai wuta ta kai amfiya 500 ne yake ba da milibolt 50. A amfiya ɗaya, abin da na'urar za ta karanta ɗaya bisa goma ne na milibolt. A nan matsalar take. Ma'aunin da aka gina don babbar wuta yana fama da ƙarama, shi ya sa masu ƙera BMS da yawa ke sa masa iyaka: duk abin da bai kai kaza ba, a ɗauke shi sifili. Na'urar intanet, kyamarar tsaro, ƙwan waje ɗaya, da abin da shi kansa BMS ɗin ke ci, duk suna iya zurarewa ta ƙarƙashin wannan iyaka.

Mu yi lissafi. Kuskuren amfiya 0.1 kacal, in ya ɗore awa 24, ya zama 2.4Ah. A batirin 100Ah kashi 2.4 ke nan a rana. Kwana goma, kashi 24. Ga amsar yadda batir ke mutuwa yana nuna 30 ko 35.

Akwai wasu ƙananan ɓaraka. Ba duk wutar da ta shiga ce ke dawowa ba: a LiFePO4 kusan kashi 99 ke dawowa, a batirin ruwa ƙasa da haka sosai. Batirin ruwa kuma yana ba da ƙasa da ƙarfinsa in an ja shi da gaggawa, abin da Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897. A litiyam tasirin ƙarami ne. Batirin da aka ajiye yana zubar da kashi biyu ko uku a wata shi kaɗai, kuma wannan ba ya bi ta shant balle a ƙidaya shi.

Mataki na huɗu: yadda BMS ke gyara littafinsa

Ƙidaya ba ta iya gyara kanta. Dole a samu wani wuri da aka tabbatar, a ce daga nan za a sake farawa. Ga mafi yawan batiran gida, wurin nan shi ne cika. Idan boltej ya kai wani matsayi da aka saita, wutar da ke shiga kuma ta ragu zuwa ɗan kaɗan duk da boltej na sama, aka daɗe a haka na 'yan mintuna, sai BMS ya yanke cewa an cika, ya goge duk kuskuren baya ya rubuta 100. Shi ya sa wani lokaci za ka ga allo ya yi tsalle daga 88 zuwa 100 a minti guda. Ba lalacewa ba ce, gyara ne, kuma girman tsallen yana gaya maka yawan kaucewar da aka yi. Haka yake a ƙasa: in wata ƙwaya ta taɓa iyakarta, wasu BMS kan mayar da lambar sifili nan take.

Motocin lantarki da manyan rumbunan wuta suna ƙarawa da dabara mai zurfi. A cikin kwamfutar batirin akwai kwatancin ƙwayar a lissafe: boltej ɗinta na hutu a kowane kaso, turjiyarta, da yadda take jinkirin farfaɗowa bayan an sauke mata kaya, duk gwargwadon zafi. Na'urar tana ƙidaya ta ce ina jin muna kashi 55, sai ta tambayi kwatancin: in haka ne, da wannan kaya da wannan zafi, bolt nawa ya kamata in gani? Ta kwatanta da abin da ta auna a zahiri, in akwai bambanci ta ɗan karkata lambar. Yawan karkatarwar ya danganta da wanda ta fi amincewa da shi a lokacin, ƙidaya ko awo. Wannan shi ne matacin Kalman, lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda aka yi amfani da shi wajen jagorantar kumbon Apollo zuwa duniyar wata. Gregory Plett na Jami'ar Kolorado ya fitar da jerin maƙalu a 2004 kan yadda za a yi amfani da shi a batir, kuma aikin nasa ya zama abin komawa a fannin.

Duk da haka, ko wannan dabara tana raunana a shimfiɗaɗɗen tsakiyar LiFePO4, tunda awon boltej ba ya ba ta wani labari a can. Kamfanin Tesla da kansa yana shawartar masu motocinsa da ke da irin wannan batir su cika shi zuwa 100 aƙalla sau ɗaya a mako. In mota mai wannan tsada tana buƙatar haka, batirin da ke kusurwar falonka ya fi buƙata.

A nan yanayinmu ya shigo. A watan Agusta hadari kan rufe rana kwanaki a jere. Da hunturu kuma hazo da ƙurar da ke kwanciya a kan faranti suna rage wutar da ake samu. In wutar NEPA ba ta zuwa, batir zai yi makonni yana kai-komo tsakanin 40 da 85, bai taɓa cika ba. A irin waɗannan watanni ne lambar ta fi kaucewa, kuma a ganina wanda ya haɗa wa mutum sola bai yi masa wannan bayani ba bai gama aikinsa ba.

Mataki na biyar: duba haɗin da saitin kafin ka zargi kowa

Kafin ka sa hannu, cire zobe da agogo, ka naɗe sifana da tef, ka kashe birekar batir. Batirin litiyam na iya sakin ɗaruruwan amfiya a ƙiftawar ido in ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu. In ka ga akwati ya kumbura ko ka ji wari, tsaya nan, ka kira ƙwararre.

In kana da shant na waje, irin SmartShunt na Victron ko makamancinsa, a wayar nagatif ake sa shi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a ɓangaren batir babu abin da zai zauna sai batir. Inbata, kwantirolan sola, caja, fankar DC, duk su koma ɗaya ɓangaren. Sau da yawa za ka tarar an zo daga baya an maƙala wata siririyar waya kai tsaye a bakin batir don ƙwan tsakar gida ko cajin waya. Duk abin da wannan waya ta ja, ba a rubuta shi ba.

Daga nan ka buɗe manhajar BMS a wayarka. Irin su JK, JBD da Daly suna haɗuwa ta Bluetooth. Nemi inda aka rubuta girman batir. In an haɗa maka ƙwayoyin 280Ah amma saitin na kan 100 da ya zo da shi daga kamfani, lissafin ba zai taɓa daidaita ba. A shant na waje ka sa ingancin caji a kashi 99, lambar Peukert a 1.05, domin saitin da yake zuwa da shi na batirin ruwa ne.

Sai gwajin sifili. Kashe inbata da sola gaba ɗaya, ka duba manhaja: ya kamata ta nuna 0.0. In tana nuna 0.3 ko 0.4 alhali babu komai a haɗe, ka samo ɓarakar, kuma na'urori da dama suna da wurin mayar da ita sifili. Bayan haka kunna kaya mai tsayayyen ci, kamar dutsen guga, ka kama wayar batir da mita mai baki, ka kwatanta da manhaja. Ka tabbatar mitar tana auna DC, wato irin wutar batir, don masu araha da yawa AC, irin wutar NEPA, kaɗai suke ji, kuma ka danna maɓallin sifilinta kafin ka kama.

Na ƙarshe a nan shi ne wayar sadarwa tsakanin batir da inbata, ta CAN ko RS485. In akwai ta, aka zaɓi yaren da ya dace a saitin inbata, to inbata za ta karɓi kason daga BMS, ta kuma bi umarninsa kan yawan caji. In babu, lambar da ke kan inbata da wadda ke kan batir abubuwa biyu ne daban. Ta batir za ka bi. Wayar tana kama da ta intanet amma jeren ƙananan wayoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a duba littafin na'urorin biyu.

Mataki na shida: cika shi cikar gaskiya

Wannan ne zuciyar aikin, kuma ba ya son gaggawa. Zaɓi ranar da rana ta buɗe, ka wanke faranti da sassafe, ka rage kayan gida. In akwai NEPA ko janareta, ka haɗa da su.

In littafin batirinka ya faɗi boltej na caji, shi za ka bi. In babu, bolt 3.45 zuwa 3.55 ga kowace ƙwaya ya wadatar: 55.2 zuwa 56.8 ga mai ƙwaya 16, 27.6 zuwa 28.4 ga mai 8, 13.8 zuwa 14.2 ga mai 4. Mai ƙwaya 15 kada ya wuce wajen 53.2. Ba sai ka kai 58.4 ba, abin da za ka ƙara samu tsakanin 3.5 da 3.65 ɗan kaɗan ne ƙwarai, wahalar da ƙwayoyin za su sha ta fi shi.

Da boltej ya kai inda ka saita, kada ka ce an gama. Zauna da manhajar a hannu ka kalli amfiya. Za ka ga tana sauka: 30, 18, 9, 5. Sai ta kai wajen kashi 2 zuwa 5 na girman batirin, wato amfiya 2 zuwa 5 a 100Ah, boltej kuma bai sauka ba, sannan batirin ya ƙoshi. A shant na waje da ke aiki da sola, sa boltej ɗin shaidar cika ya zama 0.2 ko 0.3 ƙasa da boltej na caji. In ka sa shi ƙasa sosai, gajimare na giftawa amfiya za ta faɗi, na'urar ta zaci an cika, ta rubuta 100 alhali ana 80. Wannan ya fi rashin gyaran muni.

Yanzu buɗe shafin da ke nuna ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar caji duk za su yi kama da juna, bambancin milibolt 5 ko ƙasa, kuma wannan ba ya nuna komai. A sama ne asiri ke tonuwa. Za ka iya ganin goma sha biyar suna 3.42, ta bakwai kuma ta ruga 3.65, BMS ya yanke caji don kare ta. Wasu na'urorin a nan suke rubuta 100, alhali sauran ƙwayoyin ba su ƙoshi ba. Maganinsa daidaitawa ne. Yawancin BMS suna fara daidaita ƙwayoyi ne daga wajen 3.4, kuma masu sauƙin kuɗi suna yi ne da 'yar wutar da ba ta kai ɗaya bisa goma na amfiya ba, ta hanyar ƙona rarar ƙwayar da ta yi gaba. A ce suna cire 0.05, bambancin 2Ah zai ci awa 40 a sama. Don haka ka rage boltej na caji zuwa 54.4 ko 55, ka rage amfiya, ka bar shi ya riƙa zama a can awa ɗaya ko biyu kullum har tazarar ta sauko ƙasa da milibolt 30 ko makamancin haka. Masu daidaitawa da amfiya 1 ko 2, waɗanda ke kwashe caji daga wata ƙwaya su zuba wa wata, suna gamawa da wuri.

Bayan an cika, kada a bar shi a boltej mai tsawo dare da rana. Sa boltej na jira, wato wanda caja ke riƙe batir a kai bayan ya cika, a wajen 54 ga mai ƙwaya 16.

Mataki na bakwai: auna girmansa na yau

Gani ya kori ji. Batirin da aka rubuta wa 100Ah shekara uku da suka wuce ba lalle ne yana nan a 100 ba, wanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi kuwa wataƙila bai taɓa kaiwa ba. In ainihin girmansa 85 ne, BMS na lissafi da 100, zai mutu yana nuna 15 ko da ƙidayarsa babu kuskure ko ɗaya.

Washegarin cikar gaskiya, batirin na nan a cike, cire sola da NEPA, ka ɗora kaya tsayayye na kusan wat 1,000 a batirin 51.2 mai 100Ah, wato wajen amfiya 20. Rubuta lokaci da amfiya duk rabin awa, ko ka bar shant ya tara maka. Ka sa ido kan ƙwayar da ta fi kowace ƙasa. In ta kai wajen 2.9 ko 3.0, tsaya. Abin da aka ci shi ne girman da za ka iya mora, shi za ka rubuta a saitin in na'urar ta yarda. Wasu BMS suna koyon sabon girman da kansu bayan irin wannan zagaye. Kada ka bar shi kwance babu caji, ka mayar da shi a ranar.

Lura da wace ƙwaya ce ta fara faɗuwa. BMS ba ya yanke wuta saboda kaso, yana yankewa ne saboda ƙwaya ɗaya ta kai iyaka. In ƙwayar da ta riga kowa cika ita ce kuma ta riga kowa ƙarewa, to ita ce mai rauni, girmanta shi ne girman batirin duka, kuma daidaitawa ba za ta warkar da ita ba. In ta riga kowa cika amma wata daban ce ta fara ƙarewa, rashin daidaito ne, yana gyaruwa. Ɗauki hoton allon a sama da ƙasa. Da waɗannan hotuna biyu da adadin Ah da ka auna za ka je wa mai sayarwa in akwai garanti. A al'adar sana'ar, batirin da ya sauka zuwa kashi 80 na girmansa na asali ana ɗaukar ya tsufa, amma ka duba abin da takardar garantinka ta ce.

Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa wannan gwaji.

Abin da za ka riƙa yi daga nan

Bari batirin ya cika cikar gaskiya sau ɗaya a mako ko aƙalla duk mako biyu, musamman da damina da hunturu, ko da zai sa a kashe firiza na yini ɗaya ko a ƙona ɗan man janareta. In inbata na magana da BMS, sa ta tsaya a kashi 15 ko 20. In ba ta yi, tsaida ta da boltej wajen 48 zuwa 49 ga mai ƙwaya 16, don ta riga BMS yankewa. Yankewar BMS matakin ceto ne, ba abin yi kullum ba.

In batira biyu ko uku ne a haɗe gefe da gefe, kowane da nasa BMS da nasa littafin, don haka kada ka firgita in ɗaya na 60 ɗaya na 68. Ka tabbatar wayoyinsu tsawo ɗaya ne da kauri ɗaya, an kuma ba kowane lambarsa a ƙananan makunnan da ke gabansa. Za su haɗu a 100 ranar da suka cika tare.

Sai zafi. Girman da aka rubuta a jikin batir an auna shi ne a digiri 25. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, watan Afrilu na haura digiri 40 a inuwa, ɗakin ajiya mai rufin kwano da ba taga kuwa ya fi haka. Zafi ba ya rage abin da batir zai ba ka a daren nan, amma yana gaggauta tsufansa, musamman in yana zaune a cike, sai girman gaskiya ya riƙa nisa da wanda ke cikin saiti. Sa shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka da yamma, ka bar tazara tsakaninsa da inbata don iskar zafinta kada ta riƙa hura shi. In za ka yi doguwar tafiya ka rufe gida, bar shi a wajen rabin caji ka kashe shi, in ka dawo kuma ka fara da cika shi kafin ka yarda da lambar da zai nuna maka.